Idan Ka Manta Shan Maganin Ciwon Suga

Abu na farko: kada ka haɗa ƙwaya biyu don cike wadda ta wuce. Nan ne mutane ke cutuwa.

Idan metformin kake sha, wanda farmasin Garwa da Marwa ke sayarwa da sunan Glucophage, sha shi da abinci da zarar ka tuna. In lokacin na gaba ya kusa, bar wancan ya tafi. Ninka shi na kawo gudawa da tashin zuciya.

Glibenclamide (Daonil) da gliclazide (Diamicron) sun fi buƙatar kula, domin suna sa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, ko ka ci ko ba ka ci ba. Kada ka sha su da yunwa, balle gab da barci. Jira lokacin shansu na gaba, tare da abinci.

Rawar jiki, gumi da jiri alamun faɗuwar suga ne. In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 0.70 g/L, wato 70 mg/dL, sha suga cokalin shayi uku cikin ruwa, ka sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kai shi asibiti nan take.

In mantuwar ta yawaita, ko azumi ya gabato, gaya wa likita ya gyara lokutan.