Yadda za ka gane maigidanka ne saniyar tatsa a teburin poka

Shekarata goma sha ɗaya ina canji a Legas, huɗu daga ciki na yi su ina kai wa wani Alhaji dala cikin dare. Ƙarfe ɗaya ko biyu waya za ta yi ƙara: "Malam, akwai ashirin a hannu?" Sai in tashi daga Obalende, in ɗaure bandir biyu a ƙugu, kowanne takardar dala ɗari guda ɗari, in haura gadar Falomo in nufi wani gida a Lekki mai maigadi biyu da janareton da ba ya ko tari. A falon sama akwai tebur mai koren ƙyalle, mutum bakwai ko takwas a zagaye, Yarbawa, Ibo, 'yan ƙasar waje, da namu ɗaya. Ina da riba a kan kowace dala, shi ya sa na daɗe bakina a ɗinke. Allah Ya yafe mana.

Ba cin caca zan koya wa kowa ba. Hukuncinta na nan a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma masu zama a teburin sun fi ni sanin ayar. Da direbobi nake magana, da yaran gida, da ƙannen da ake ba riƙon jaka, da 'yan canji irina, masu zama a kujerar gefe suna hamma alhali ana feɗe maigidansu a gabansu.

Ka fara sanin abin da kake kallo. Wasan da aka fi yi sunansa Texas Hold'em. Kati 52 ne, a ba kowa biyu a kife, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya: uku tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar. A kowane mataki mutum ya zubar da katinsa ya fita, ko ya bi da daidai kuɗin da aka zuba, ko ya ƙara. Kafin rabo mutum biyu ke zuba kuɗin dole, ƙarami da babba, kuma dolen zagayawa yake. A gidan da nake zuwa dala 25 ne da 50, ba a kuma zama da ƙasa da dala 5,000, wato babban dole sau ɗari. Kada ka haɗa shi da gasar da ake nunawa a talabijin, inda in 'yan robar da ake zubawa a madadin kuɗi sun ƙare maka ka kama hanyar gida. A nan kowace 'yar roba tsabar kuɗi ce, in sun ƙare ka sake saye, ba mai ce maka ya isa. Ta wannan ƙofar nake shigowa da bandir.

Aikinka na farko ƙirga ne, ba ya bukatar ka iya kati. Ɗauki biro da bayan wata takarda. Duk rabon da aka yi, ka yi wa wanda ya shiga da kuɗinsa ɗigo. Na taɓa yin haka ina jiran a sallame ni. Cikin rabo 30, wani saurayi mai gilashi da ba ya shan komai sai ruwa ya shiga sau 6. Alhaji ya shiga sau 22. Ɗan sana'a yawanci ɗaya cikin huɗu ko biyar yake taɓawa, sauran ya jefar ba tare da ya ko ɗaga gira ba, domin ya san kati mai kyau ba ya zuwa kullum. As biyu, wanda ya fi kowane farawa, sau ɗaya yake zuwa cikin 221. Shi kuwa Alhaji bai ƙetaro gada da tsakar dare don ya naɗe hannu ba. Ya yini a Apapa yana faɗa da masu lodi, yanzu nishaɗi yake so, kuma nishaɗin nan shi ake sayar masa.

Sannan ka duba kujeru. Bi da bi ake magana, daga dama zuwa hagu, saboda haka wanda ke hagun maigidanka yana ganin abin da ya yi kafin shi ya yanke shawara. In ka ga mutum ya ce sanyin na'ura ya dame shi, ya canja wuri, ya kuma sauka daidai hagun Alhaji, to ba sanyi ba ne. Na ga an yi cacar baki a kan wannan kujerar tun kafin Alhaji ya gama fakin a ƙasa.

Bari in nuna maka rabo ɗaya kamar yadda na gan shi, don a nan kuɗin ke zurarewa. An shimfiɗa kati huɗu. Alhaji na da biyu masu zane iri ɗaya a hannu, akwai biyu irinsu a tebur, saura ɗaya su cika biyar masu zane ɗaya, haɗin da yake sa ran zai ci da shi. A tsakiya akwai dala 3,000. Mai gilashi ya tura 3,000. Alhaji ya ɗaga gefen katinsa ya sake leƙawa, kamar zai canja, ya gyara hula, ya ce, "Jikina ya ba ni." Ya bi. To ga lissafin da jiki ba ya yi. Kowane zane kati 13 ne, ya ga 4, saura 9. Katin da bai gani ba 46 ne. Tara cikin arba'in da shida bai ma cika ɗaya cikin biyar ba. Ke nan in aka maimaita wannan zaman sau biyar, sau ɗaya zai ɗauki 6,000, sau huɗu zai zubar da 3,000, ya tashi da asarar 6,000. Duk lokacin da ya ce jikinsa ya ba shi a irin wannan wuri, kusan dala 1,200 ya miƙa kyauta, ko katin ya zo ko bai zo ba. Ran nan kuwa ya zo. Alhaji ya buga tebur, aka tafa masa, mai gilashi ya girgiza kai ya ce wannan mutum ba a iya masa. Ya ba ni tukuicin dala ɗari. Dare ne da ya jawo mana asara fiye da duk daren da aka cinye shi, domin wata shida yana ba da labarinsa.

Abin da ke riƙe mai kuɗi ke nan. Da dambe ne, zagaye ɗaya ya ishe shi sanin matsayinsa. A kati kuwa, ko As biyu sun haɗu da Sarki biyu, mai Sarki na ci kusan sau ɗaya cikin biyar. Ɗan sana'a ba ya lissafin dare, na shekara yake yi.

Wani zai ce to ai maigidana yana da kai, shi ya tara dukiyar nan. Akwai wanda ya fi shi kai da kuɗi ya gwada. Andy Beal, mai banki ne a Texas ta Amurka, gwanin lissafi. Daga 2001 ya riƙa zuwa Las Vegas yana kiran manyan 'yan poka ɗaya bayan ɗaya. Dabararsa ita ce ya ɗaga kuɗin har gabansu ya faɗi. Su kuma, irin su Doyle Brunson da Jennifer Harman da Chip Reese, sai suka haɗa kuɗinsu asusu ɗaya suna karɓa-karɓa a kansa. A 2004 ya taɓa cin su dala miliyan 11.7 a zama guda. A 2006 Phil Ivey ya zauna da shi kwana uku ya karɓe dala miliyan 16.6. Abin lura shi ne asusun nan. Shi kaɗai ne, su taro ne, in ɗaya ya gaji wani ya hau.

Irin wannan haɗin na nan a Legas, sai dai ba a shelarsa. Wani ma kuɗin da ke gabansa ba nasa ba ne, wani ne ya ɗaure masa gindi a raba riba. Ka lura da mutum biyu ko uku da ba sa taɓa tara babban tuli a tsakaninsu, in sun rage su kaɗai sai su yi ta lallaɓa juna, amma da Alhaji ya shiga sai wuta ta tashi. Ka lura ko mota ɗaya ke kwasarsu a bakin layi. Direbobi sun fi kowa sanin wannan, ka zauna da su wajen mai shayi.

Kason gida kuwa, a wancan falon biyar cikin ɗari ake cirewa daga kowane tuli har iyakar dala ɗari. Ka ƙaddara dala 40 ce a kowane rabo, rabo 25 a awa, awa 8. Dala 8,000 ta bar tebur kafin asuba, ba a aljihun kowa daga masu wasa ba. Gasasshiyar kazar da ake kawo wa Alhaji da lemon da babu giya, waɗanda aka tanada musamman dominsa, daga nan suke fitowa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

In kana son tabbaci, ga gwajin da bai taɓa ba ni kunya ba. Ka samu dalilin da zai fitar da maigida da wuri, ka ce daga gida ake nemansa, sannan kai ka koma ɗauko caja ko hular da ka manta da gangan. Na yi haka wani daren Juma'a. Minti ashirin da fitarmu na koma, na tarar an kashe fitilar saman tebur, mai rabo na jera roba a akwati, mai gilashi na ɗaura agogo. Mutanen da ɗazu ke rantsuwar sai gari ya waye.

To in ka gane, sai me? Kada ka yi masa magana a falon, kada kuma a mota bayan ya yi asara. Lokacin ya hau dokin zuciya, abin da 'yan sana'a ke jira ke nan, don a nan yake tura duka da katin banza yana neman fansa. Kada ka ce masa bai iya ba, babba ba ya jin wannan daga bakin yaro. Abin da ke hannunka shi ne kuɗi da lokaci. Ku yi magana da rana, yana cikin hayyacinsa: "Ranka ya daɗe, nawa za a ɗauka?" Abin da ya faɗa shi kaɗai zai shiga jaka, sauran a bar shi a tsallaken gada. In kai ne ɗan canjin, ka kashe waya ƙarfe goma sha biyu. Ka kuma sa ido a kan bashi. Ranar da mai gida ya ce, "Haba Alhaji, ai kai namu ne, a ba shi roba gobe ma rana ce," ranar aka daina wasa da abin da ke aljihu aka koma kan takardun fili da na mota.

Abin da ya fi aiki a wajena littafi ne. Na rubuta duk dalar da na kai, da kwanan wata, da farashin ranar a naira. Dala na ɓoye wa mutum nauyin abu, biyar ɗin da yake faɗa kamar kuɗin goro ne. A farkon 2023, dala na wajen naira 750 a kasuwarmu, kujerar dala 5,000 ba ta kai naira miliyan huɗu ba. A Fabrairun 2024 da ta haura 1,800, kujerar nan ta zama miliyan tara. Na jera wannan shafi shida, a ƙasa na ja layi na haɗa jimla, na cire abin da ya dawo mini da shi na darare masu daɗi.

Ban kai masa da kaina ba. Na kai wa yayansa da ke Agege, dattijon da shi kaɗai ke kiransa da sunan yanka. Ya sa tabarau ya bi shafukan da yatsa, bai ce komai ba sai da ya zo ƙarshe, ya tambaye ni, "Kai nawa ka samu a ciki?" Na faɗa masa. Ya ninke littafin ya sa a aljihun gaba.

Alhaji ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata, ya kuma mai da canjinsa na rana wajen wani. Bayan Sallah direbansa ya zo sayen riyal na Umara, na tambaye shi labarin Lekki. Ya ce rabonsu da can tun kafin azumi, amma har yanzu mai gidan na aiko da kwandon 'ya'yan itace duk Juma'a.