Yadda Ake Zaɓar Matsakaicin Injin Zarto Idan Ƙaramin Ya Gaza

Mai ƙaramin injin zarto yakan fara tunanin sauyi ne a lokacin da injin ya soma nauyin aiki, wato sarƙa ta riƙa tsayawa a tsakiyar gungume, sai an sassauta hannu kafin ta sake juyawa, aikin da bai kamata ya wuce sa'a guda ba ya cinye rabin yini. Amma kafin a ɗora wa injin laifi, ya kamata a duba sarƙar tukuna. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashin katako manya-manya, kuma da kanta take nutsewa cikin itacen, wadda ta dakushe kuwa gari take fitarwa mai laushi, sai an danna ta da ƙarfi. Idan an wasa haƙoran, an wanke matatar iska, an canza filogi, amma har yanzu injin yana shaƙewa a itace mai kauri, to lallai aikin ya fi ƙarfinsa.

Ana auna girman injin zarto mai amfani da fetur da girman cikin silindarsa, wanda ake rubutawa da cc. Ƙananan da ake sassabe da datse rassa da su suna tsakanin cc 30 zuwa 40, matsakaita suna kamawa daga wajen cc 45 zuwa 60, daga cc 70 zuwa sama kuma an shiga sahun manyan da ake kayar da gagga-gaggan itatuwa da tsaga katako da su. Wanda ya saba da injin cc 35 zai ji bambanci sosai idan ya koma cc 50, amma idan cc 42 ya saya, da wuya ya ji ya yi wani sauyi, don haka ƙarin da bai kai cc 10 ba bai cancanci wahalar ba.

Abin da ya kamata a fara aunawa shi ne kaurin itacen da aka fi yawan yankawa, ba itace mafi girma da aka taɓa cin karo da shi ba. A nan ne masu saye da yawa suke kuskure, domin idonsu yakan tafi kan tsawon farantin da sarƙa ke zagayawa a kansa, suna ganin dogon faranti shi ne ƙarfi. Gaskiyar ita ce duk lokacin da faranti ya ƙara tsawo, haƙoran da ke cikin itace a lokaci guda suna ƙaruwa, injin kuma shi ne zai ja su duka, ya kuma shayar da su mai. Injin cc 50 yana jin daɗin faranti mai inci 16 zuwa 18, injin cc 60 kuma yana ɗaukar inci 18 zuwa 20 ba tare da ya galabaita ba. Ana iya ɗaura wa matsakaicin inji faranti mai inci 24, amma a itace mai tauri zai yi ta jan ƙafa, gaba kuma zai rinjayi baya har riƙonsa ya gajiyar da hannu. Tunda ana iya yanka gungume ta gefe biyu, faranti mai inci 18 yana iya raba itacen da kaurinsa ya kusa ninka tsawonsa, saboda haka babban itacen da ake samu jefi-jefi ba dalili ba ne na ɗaukar dogon faranti kullum.

Bayan haka sai a dubi ƙarfin injin tare da nauyinsa, domin lambar cc kaɗai ba ta faɗin komai da komai. Kamfanin Stihl na Jamus yana da injuna biyu masu cc 50.2, wato MS 271 da MS 261. Na farko yana ba da kilowat 2.6 da nauyin kilo 5.6, na biyu kuma yana ba da kilowat 3.0 alhali nauyinsa kilo 4.9 ne. Haka abin yake a kamfanin Husqvarna na Suwidin, inda 455 Rancher mai cc 55.5 yake da kilowat 2.6 da nauyin kusan kilo 6, yayin da 550 XP Mark II mai cc 50.1 yake da kilowat 3.0 da kilo 5.3. Ke nan injin da silindarsa ta fi ƙanƙanta ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin ɗauka. Dalili shi ne an ƙera wasu don manomi da mai gida da ke aiki lokaci-lokaci, wasu kuma don ma'aikacin daji da ke riƙe da inji tun safe har yamma. Na ma'aikata yawanci gidan injinsu na ƙarfen maganiziyam ne, ana kwance silinda da fistan a sauya cikin sauƙi, na gida kuwa roba ta fi yawa a jikinsu kuma gyaran cikinsu ya fi cin lokaci. A lura cewa nauyin da kamfanoni ke rubutawa na injin ne tsurarsa, babu faranti, babu sarƙa, babu mai, don haka abin da hannu zai ɗauka a wurin aiki zai fi haka da fiye da kilo guda.

A ganina, mafi yawan masu barin ƙaramin inji cc 50 ne ya dace da su, musamman idan aikinsu ya haɗa da datse rassa, inda ake wuni ana ɗaga inji ana sauke shi. Rabin kilo ba ya nuna kansa a lokacin saye, sai bayan an yi sa'o'i ana aiki ne kafaɗa da baya suke ba da labari, gajiyayyen mutum kuma shi ne ya fi saurin jin rauni. Wanda aikinsa ya fi karkata ga yayyanka gungumai masu tauri da kaurinsu ya haura inci 18 shi ne yake da hujjar hawa cc 60, inda ake samun irin Stihl MS 362 mai kilowat 3.5, ko CS-590 na kamfanin Echo na Japan mai cc 59.8. Idan kuwa ƙaramin injin bai lalace ba, gara a ajiye shi don rassa, sannan a sayi cc 60 don gungumai, domin injuna biyu masu tazara a tsakaninsu sun fi biyu masu kama da juna amfani.

Sarƙar tsohon inji ba lallai ta hau sabo ba. Ƙananan injuna sukan yi amfani da siririyar sarƙa mai gajerun haƙora, matsakaita kuma suna amfani da mai tazarar inci 0.325 ko inci 3/8 a tsakanin gaɓoɓinta. Ta farko ta fi santsi kuma ta dace da cc 50, ta biyu tana cizo da yawa kuma ta fi dacewa da ƙarfin cc 60. Dole tazarar sarƙa ta yi daidai da haƙoran da ke juya ta, kaurin ƙafarta da ke shiga cikin faranti kuma, wanda yakan zama milimita 1.3 ko 1.5 ko 1.6, ya yi daidai da ramin farantin. Magagarin wasa haƙora ma zai canza, domin na milimita 4 da ake wasa siririyar sarƙa da shi ya yi wa waɗannan ƙanƙanta. Haƙora masu kusurwa tsaf sun fi sauri a itace mai tsabta, amma idan itacen yana da ƙasa ko yashi a ɓawonsa, masu ɗan lanƙwasa a kusurwa sun fi daɗewa da kaifi.

Daga cikin ƙananan abubuwan da ake dubawa, famfon man sarƙa da ake iya ƙara wa ko rage wa gudu yana da amfani idan za a riƙa sauya faranti, haka ma maɓallin rage matsin silinda da ke sauƙaƙa jan igiyar tayarwa. Wasu injunan suna daidaita haɗin iska da fetur da kansu ta hanyar na'urar lantarki, wadda Stihl ke kira M-Tronic, Husqvarna kuma AutoTune. Tana aiki da kyau, sai dai idan ta sami matsala sai wurin wanda ke da kayan bincikenta, saboda haka wanda ba shi da irin wannan makaniki a kusa zai fi samun kwanciyar hankali da injin da ake saita shi da sukudireba. Injunan batir sun yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, ba su da hayaƙi kuma ƙararsu kaɗan ce, amma yankan gungumai masu kauri yana shanye batir da sauri.

Ƙarin ƙarfi yana zuwa da ƙarin haɗari. Idan saman bakin faranti ya taɓa itace ko ya maƙale, injin yakan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido, kuma tsallen injin cc 60 ba irin na cc 35 ba ne. Kada a sayi injin da birkin sarƙarsa ba ya kamawa nan take, kuma a cikin lissafin kuɗin a sa hular kwano mai kariyar fuska, da abin toshe kunne tunda ƙarar tana haura desibel 100, da wandon da aka saƙa da zaren da ke tsayar da sarƙa, da takalmi mai ƙarfe a baki.

Kafin a biya kuɗi, a ɗauki injin da farantin da za a yi aiki da shi, a riƙe shi da hannu biyu a ji ko yana rinjaya gaba, a kuma tabbatar ana samun sarƙarsa da matatarsa da fistan ɗinsa a inda za a iya kaiwa. Ana kwaikwayon manyan sunaye sosai, don haka a duba lambar da aka buga a jikin injin, a kuma saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi. Idan na hannu ne, a ɗaga shi ta igiyar tayarwa: wanda matsinsa ke da kyau zai rataya ko ya sauka a hankali, wanda ya zube kai tsaye kuwa ya gaji. A kwance salansa a leƙa fistan, domin zane-zane a jikinsa na iya zama alamar cewa an taɓa tafiyar da shi da fetur maras isasshen mai. Yawancin injunan zamani suna son kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji mai bugu biyu, amma littafin injin shi ne abin bi, kuma a riƙa haɗa gwargwadon abin da za a ƙarar cikin wata guda, domin haɗin da ya daɗe a galan yana toshe hanyoyin mai.