Kafin ka biya kuɗin gida, gano inda bangonsa yake shan ruwa

Idan aka ce in raka mutum duba gidan da yake son saye, hancina nake fara sa wa aiki kafin idona. Nakan roƙi dillali kada a buɗe tagogi sai mun iso, domin ɗakin da ya kwana a rufe ba ya iya ɓoye warin danshi. Idan kuwa na tarar an wangale ko'ina, an feshe ɗakuna da turare, ga bango ɗaya tilo yana ƙyallin sabon fenti, to wannan bangon zan fara nufa.

Danshi shi kaɗai bai isa ya sa ka fasa ciniki ba. Inda ruwan yake fitowa shi ne zai gaya maka ko gyaran na yini guda ne ko na fasa bango.

Wanda ya fi cin kuɗi shi ne mai tasowa daga ƙasa. Bulo da siminti suna tsotsar ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, shi ya sa magina ke shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a saman fandisho, abin da suke kira difisi. Idan ba a sa ba, ko ya lalace, za ka ga tabo ya bi gindin bango a kwance, da wuya ya wuce mita 1 zuwa mita 1.5. Fenti yana kumbura, filasta tana marmashewa, ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Gishirin ne kuwa, ruwa ya kwaso shi daga ƙasa ya bar shi a nan. Ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa: filastar da ta rabu da bulo tana amsawa da ƙarar rami. Ka kuma yi shakkar tayil da aka manna daga ƙasa zuwa ƙugu a falo ko ɗakin kwana, inda ba a wasa da ruwa. Duba saman layin tayil ɗin, sau da yawa a nan danshin yake sake ɓullowa.

Amma kada ka yanke wa difisi hukunci sai ka zagaya waje. Ƙa'ida ita ce ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15. Gidaje da yawa lafiyarsu ƙalau aka gina su, daga baya aka ciko tsakar gida, aka zuba kankare ko aka yi gadon furanni jikin bango, ƙasa ta haye kan difisin, ruwa ya sami gada. Wannan gyaransa shebur ne da magudana. Ni na fi son in tarar da irinsa, domin mai saye zai sami ragi a kan matsalar da ba ta da tsadar gyara.

Na ruwan sama ba ya wahalar ganewa. Tabon yana iya fitowa ko'ina, a sama, a gefen taga, a kusurwar silin, kuma yana ƙaruwa bayan an yi ruwa. Nemi tsaga a bango, indararon da ya toshe, kwanon da ya ɗaga. In da hali ka koma gidan washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya. Gidan da aka nuna maka da rani, rabinsa kawai ka gani.

Bangon da ke bayan banɗaki ko kicin kuwa, bututu za ka fara zargi. Rufe duk famfunan gidan, karanta mitar ruwa ko ka yi alama a tanki, ka dawo bayan awa 2. In ruwa ya ragu, akwai yoyo a ɓoye.

Saura gumin bango, wanda tururin girki da wanka da shanyar kaya a ɗaki ke haddasawa idan iska ba ta ratsawa. Shi ne mai kawo baƙin funfuna a kusurwoyi da bayan kabad. Ga gwajin da nake yi: a share bangon, a manna leda mai faɗin tafin hannu biyu, a like gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana 2. Raɓa a fuskar da ke kallon ɗaki, gumi ne, maganinsa iska. Raɓa a fuskar da ke manne da bango, ruwan daga cikin ginin yake. Kada ka raina funfuna, musamman idan akwai mai asma ko jariri a iyalinka.

Masu zuwa da ƙaramar na'urar auna danshi su dangwala a bango su ce "ai ka gani", ka saurare su da kunne ɗaya. Yawancin na'urorin don katako aka yi su, kuma gishirin bango yana sa su nuna danshin da babu. A katako dai maganarsu abin kamawa ce: in danshin ya haura kashi 20 cikin 100, ruɓewa da gara suna tafe.

Inda nake cewa mutum ya dakata shi ne idan na ga jan tabon tsatsa a dakin (rufin kankare) ko ginshiƙi, kankare ya tsage, rodi ya leƙo. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa abin da ya lulluɓe shi. Wannan aikin injiniyan gini ne, kuma kai za ka ɗauko shi ka biya shi. Wanda mai gida ya kawo, ko wanda sana'arsa sayar da maganin danshi ce, da wuya ya ce maka indararo kawai za ka gyara.

Da ka sami ƙiyasin gyara a rubuce, nemi a cire kuɗin daga farashi, ka yi aikin da kanka. In ka bar wa mai sayarwa, fenti zai shafa. Kuma ka sa jiran bushewa cikin lissafinka: bayan an toshe hanyar ruwa, bango yana bushewa kusan santimita 2.5 na kaurinsa a wata, wato bulo mai inci 9 zai iya cin wata 9. A kankare tsohuwar filasta mai gishiri har a ɗan wuce inda tabon ya tsaya, a bar bulon ya sha iska, sannan a yi sabuwar filasta da fentin da ba ya toshe numfashin bango.