Hutun ƙarshen mako a Accra da kuɗi kaɗan: kurakuran da na gaji da ganin ana maimaitawa

Tun da abokan aikina a Legas suka gane cewa nakan tsallaka Accra in huta na kwana biyu, babu watan da zai wuce wani bai tare ni da tambaya ba, kuma tambayar ba ta canzawa: wace hanya ce ta fi arha? Nakan ba su amsa gwargwadon abin da na sani, su saurara har da gyaɗa kai, sannan su tafi su aikata ainihin abin da na hana su, su dawo ranar Litinin da kumburarriyar ƙafa da aljihu wayam. Tushen matsalar shi ne suna lissafin naira kawai, alhali mai hutun ƙarshen mako abin da ya fi ƙaranci a hannunsa shi ne lokaci. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi awoyi ne ƙididdigaggu, kuma duk arhar da za ta cinye rabinsu ta fi tsadar da ake gudu.

Kuskure na farko, wanda ni kaina na fara da shi, shi ne bin hanyar mota don gudun kuɗin jirgi. A taswira abin yana da ban sha'awa, domin tsakanin Legas da Accra bai kai kilomita 500 ba, wato tafiyar Kano zuwa Abuja da ɗan ƙari. Abin da taswira ba ta nunawa shi ne iyakoki uku da ke kan hanyar: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao inda ake fita Lome a shiga Ghana. A kowace iyaka akwai ɓangaren fita da ɓangaren shiga, ma'ana sau shida za a duba takardun fasinjoji, kuma mota ba ta motsawa sai an sallami mutum na ƙarshe. Gaskiya ne cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma yarjejeniyar ba ta yi wa kowa alkawarin cewa layi zai yi sauri ba.

A tafiyata ta farko mun bar Legas bayan sallar asuba ranar Juma'a, ina ta murna cewa na rage kuɗi. Cunkoson hanyar Badagry ya ci safiyarmu, sannan a ɗaya daga cikin iyakokin aka tarar fasinjoji biyu ba su da katin rigakafin cutar shawara, sai duk motar ta zauna jiransu a rana. Ina iya tuna wata dattijuwa da ke kujerar gabana, wadda ta saba da hanyar, ta buɗe kwanon dambunta cikin natsuwa ta ce mini, “Ɗana, ci abinci, nan ba wurin gaggawa ba ne.” Mun shiga Accra dare ya raba, na kwana har azahar ɗin Asabar saboda gajiya, kuma tun da asubar Lahadi dole na sake hawa mota don in riski aiki ranar Litinin. Idan aka tattara, abin da na gani na birnin bai wuce yammaci ɗaya ba. Da na zauna na haɗa kuɗin mota da abincin hanya da 'yan kuɗaɗen da suka zube nan da can, da canjin sefa da na yi don wucewa Kwatano da Lome, sai na ga ragin da na samu bai taka kara ya karya ba. Tafiyar mota tana da daɗinta ga wanda yake da mako guda, ko ɗan kasuwa mai kaya, amma ga mai kwana biyu asara ce.

Abin da nake yi yanzu shi ne in sayi tikitin jirgi makonni da dama kafin ranar, in tashi da safiyar Juma'a idan na samu izini a wurin aiki, in dawo da jirgin yammacin Lahadi. Tafiyar kimanin awa ɗaya ce, kuma da yake agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa guda, mutum kan sauka kusan a lokacin da ya tashi. Jakar hannu ɗaya nake ɗauka, domin tikiti mafi arha sau da yawa ba ya haɗa da babban akwati, kuma wanda zai yi kwana biyu ba ya bukatar kaftani biyar. Wanda zai taso daga Kano ko Kaduna ya ƙara kwana ɗaya a lissafinsa, kada ya yaudari kansa. Watan Disamba kuwa na cire shi daga tsarina gaba ɗaya, domin tun bayan shekarar 2019, da Ghana ta gayyaci baƙaƙen fatar ƙetare su dawo ziyara, ƙarshen shekara ya zama lokacin da kuɗin jirgi da na masauki suke tashi sama.

Katin rigakafin cutar shawara ba abin wasa ba ne, ana tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya je ya yi ta ana gobe tafiya bai yi komai ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau idan na tuna raina yake ɓaci, kuma yana da rassa biyu da suka haɗu a kan hanya ɗaya. Na ga ɗaki mai kyau a intanet, kuɗinsa kusan rabin na cikin gari, an rubuta cewa yana “kusa da Accra”, sai na biya ba tare da na duba taswira ba. Ashe a Kasoa yake. Sunan garin daga kalmar “kasuwa” ta Hausa ya samo asali, kuma wannan ne kaɗai abin da ya faranta mini rai game da zaɓin, domin Kasoa ba ta ma cikin yankin Accra, tana yankin Tsakiya ne, kimanin kilomita 30 yamma da tsakiyar birni, a kan hanyar da mazauna wurin suke tashi tun duhun asuba don su tsere wa cunkosonta. Abin da na rage a kuɗin ɗaki na mayar da shi ga direbobi, na kuma ƙara da awoyin da na shafe ina kallon bayan motar gaba tsakanin Weija da mahaɗar Mallam.

Da ma a nan na tsaya. Sai na ce tunda ina kan hanyar yamma, bari in yi amfani da ranar Lahadi in ga Cape Coast da Elmina, in ma hau gadar igiya ta dajin Kakum, sannan in wuce filin jirgi kai tsaye. Cape Coast tana da nisan kimanin kilomita 150 daga Accra, kuma na lissafa awa biyu da rabi kamar hanyar tawa ce ni kaɗai. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ba wurin da ake shiga a fito a guje ba ne. Wanda ya tsaya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa ba zai so a ce masa ya duba agogo ba. Na daɗe a can fiye da yadda na tsara, ban ma je Kakum ba, sannan da yamma na faɗa cikin jerin motocin masu dawowa daga jana'iza da ziyarar gida, domin a Ghana ƙarshen mako shi ne lokacin manyan jana'izoji. Ina zaune a mota a Kasoa lokacin da aka rufe karɓar fasinjojin jirgina. Tikitin mai arha ne, irin wanda ba a canzawa kuma ba a mayar da kuɗinsa, don haka na sayi sabo na safiyar Litinin a farashin ranar, na biya ɗakin kwana na uku, na kuma isa ofis da rana tsaka ina neman uzuri. Wannan dare ɗaya ya fi dukkan sauran tafiyar tsada.

Saboda haka idan wani ya zo mini da tsarin kwana biyu da ya ƙunshi Accra da Cape Coast da Kakum da tsaunin Aburi, ba na ɓoye masa fushina. Malam, hutu ka je yi ko tseren keke? Wa ya aike ka ka ga ƙasa guda cikin awa 48? Mafi yawan masu wannan haɗama ba wuraren suke son gani ba, hoto suke so a kowane wuri don a san sun je, kuma su ne suke dawowa ba su iya ba da labarin komai sai na cunkoso. Cape Coast tafiya ce mai zaman kanta, a ware mata lokacinta a kwana a can. Ranar da zan hau jirgi kuwa, ƙa'idata ita ce ba na yin nesa da filin jirgi fiye da tafiyar rabin awa, kuma wannan abu ne mai sauƙi a Accra tunda filin yana cikin gari. Masauki nakan nema a unguwannin cikin gari irin su Osu ko Adabraka ko Kokomlemle, ko da ɗakin ƙarami ne mai fanka kawai, domin barci kaɗai zan yi a cikinsa.

Masu zuwa kasuwar Makola ta tsakiyar Accra ranar Lahadi su ma suna ba ni mamaki, domin a ranar yawancin rumfuna a rufe suke, masu su suna coci. Asabar ce ranar kasuwa. Daga Makola ana iya takawa zuwa hubbaren Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, hubbaren da aka gina a tsohon filin wasan polo inda ya ayyana 'yancin kai a watan Maris na 1957, aka kuma sake buɗe shi a 2023 bayan gyara. Dandalin Black Star yana gabas da shi, tsohuwar unguwar Jamestown da hasumiyarta ta fitilar jiragen ruwa suna yamma. Wannan duka wuni ɗaya ne ga mai ƙafa da hular rana, ba ya bukatar hayar mota ta yini.

Batun kuɗi yana da nasa tarkon. Kada mutum ya dogara da katin bankinsa na naira shi kaɗai, domin ya taɓa ƙin aiki a hannuna a gaban mai karɓar kuɗin masauki, mutane na layi a bayana. Nakan riƙe 'yan daloli tun daga gida, in canza kaɗan a filin jirgi don kuɗin mota, sauran kuma a shagon canji mai lasisi a cikin gari, in ƙirga a gabansu kafin in fita. Akwai kuma abin da ba a faɗa wa baƙo: a watan Yulin 2007 Ghana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yanzu wasu 'yan kasuwa, musamman dattawa, da tsohon lissafi suke magana. Wata mai sayar da atamfa ta taɓa ce mini miliyan biyu, na ajiye kayan na juya zan tafi ina salati, sai yaron shagon ya biyo ni yana dariya ya ce sidi 200 take nufi. Tun daga ranar nake roƙon mai kaya ya rubuta mini farashin a waya ko a takarda. Tasi na kan titi ba shi da mita, a gama ciniki kafin a shiga, ko a kira Bolt ko Uber, amma ga gajeren zango ni trotro nake hawa, ƙananan bas ɗin haya da yaron mota yake rataye a ƙofa yana kiran sunan unguwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Bahaushen da zai je Accra ya ƙare a gidan abincin babban kanti yana cin kaza da dankali a farashin da zai ciyar da shi kwana biyu, bai taka Nima ko Maamobi ko Sabon Zango ba. Kakanninmu da suke kiran birnin Ankara sun zauna a waɗannan unguwanni tun zamanin fataucin goro, kuma sawunsu yana cikin abincin ƙasar: waakye shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, kokon safe sunansa Hausa koko kuma da ƙosai ake shansa, tuo zaafi kuwa ba sai an fassara wa kowa ba. A Nima da Hausa za ka yi ciniki, ko da yake Hausar tasu ba ta bambanta namiji da mace, don haka kada ka yi mamaki idan an ce da matarka “ya zo”, kuma kada ka yi gigin gyara wa dattijo magana a unguwarsu. Abin da ya kamata ka kiyaye shi ne shito, baƙin yajin da ake zubawa a kan waakye, domin da busasshen kifi da jatan lande ake haɗa shi kuma yana da ƙarfi ga cikin da bai saba ba. A wajen unguwannin Musulmi kuma a tambayi irin naman kafin a saya, domin ana sayar da naman alade a fili a wurare da dama.

Idan na samu jirgin safiyar Juma'a, nakan ajiye jakata a masauki in wuce Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da tallafin Turkawa bisa salon masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. Daga filin jirgi ba shi da nisa, kuma daga harabarsa Nima tafiyar ƙafa ce, don haka bayan an idar da salla sai in bi ayarin masu komawa gida in nemi mai waakye da layinta ya fi tsawo, in ce a zuba mini a ganye, da ƙwai ɗaya da taliya kaɗan, shito kuma a gefe.