Yadda Ake Magance Matsalar Haɗa Kwamfuta da Ƙaramin Injin CNC

Idan kwamfuta ta ƙi haɗuwa da injin CNC ɗinka, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, kada ka taɓa GRBL, manhajar da ke cikin allon lantarkin injin, tukuna. Na sha ganin masu koyo, da zarar Candle ko UGS, manhajojin kwamfuta da ke tura wa inji aiki, ta ƙi ganin inji, sai su garzaya su sake ɗora masa manhaja, wani ma ya ɗora wadda ba ta dace da allonsa ba. Matsala ɗaya ta koma biyu.

Fara da kebul. Akwai kebul ɗin USB na caji kawai, ba shi da wayoyin ɗaukar bayani. Fitilar allon injin za ta kama, ka ɗauka komai lafiya, alhali kwamfuta ba ta san an jona wani abu ba. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da aka jona, ka zare kebul, ka mayar, idonka na kan jerin. Idan babu abin da ya motsa, sauya kebul. Idan wani abu ya fito da alamar rawaya, direba ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Yawancin ƙananan injuna irin 3018 da guntun sadarwar USB mai suna CH340 suke zuwa, direbansa kuma kyauta ne, kada ka biya kowa. Ka girka shi, lambar COM, wato lambar ƙofar da kwamfuta ke magana da inji ta cikinta, za ta bayyana. Riƙe lambar, domin sauya kafar USB yakan sauya ta.

A cikin Candle ko UGS zaɓi wannan COM ɗin, ka sa gudun sadarwa (baud rate) a 115200. Tsohon GRBL 0.8 ne ke aiki da 9600. Idan ka ga haruffan shirme suna zubowa, gudun ne bai dace ba. Kuma manhaja ɗaya ce tak ke iya riƙe COM a lokaci guda, don haka rufe Arduino IDE, manhajar ɗora wa allo umarni, da duk wata da ka bari a buɗe. Idan an haɗu amma an rubuto maka Alarm, ai haɗi ya yi, inji ne a kulle: tura masa umarnin $X, ko $H in kana da makunnan iyaka, wato waɗanda ke sanar da inji ya kai ƙarshen tafiyarsa.

Yanzu ga inda aka fi shan wuya. Komai ya haɗu, aiki ya kankama, ana tsakiyar yanka sai inji ya tsaya cak, moton yanka na ta juyawa a cikin katako, manhaja ta daskare. Nan ne mutane ke zargin Windows. Yawanci ba ita ba ce. Moton yanka mai gawayi a ciki yana fitar da tartsatsi, in ka leƙa ramukan jikinsa za ka ga shuɗin walƙiya. Wannan tartsatsin ne ke watsa hayaniyar lantarki, dogon kebul mara kariya kuma ya zame mata eriya, ya kai ta har cikin sadarwar.

Gwajin ba wuya. Ɗaga bakin yanka sama, ka gudanar da aikin a iska bayan ka zare wayar moton yanka. Idan ya kai ƙarshe lafiya, ka kama ɓarawonka.

To sai magani. Nemi gajeren kebul mai kauri, mai ɗan dunƙulen ferrite, mai tace hayaniyar lantarki, kusa da kansa. Ni ba na yarda da wanda ya wuce mita ɗaya da rabi, kuma ba na jona inji ta marabar USB (hub), sai kai tsaye jikin kwamfuta. Raba kebul ɗin da wayoyin moto. Ɗaure su tare don wurin ya yi kyau shi ne babban kuskuren masu son tsaf-tsaf. In dole su gamu, su gitta juna, kada su jera. Murɗa wayoyin moton yanka biyu da juna, sannan ka liƙa ƙaramar kafasitar yumɓu mai 0.1µF tsakanin ƙafafunsa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Injin zuƙar ƙura ma yana da nasa laifin, domin ƙurar da ke bi ta tiyon roba tana tara caji. Ba shi soket dabam, ka haɗa jikin injin CNC da wayar ƙasa.

Sauran kuwa da sauri: hana kwamfuta yin barci, kashe USB selective suspend, mai katse wa kafar USB wuta don tanadi, a saitin wuta, ka gwada laftop a kan batiri ba tare da caja ba. Idan duk da haka yana yankewa, sayi na'urar keɓe USB (USB isolator), ko ka zuba aikin a katin SD ka yi amfani da ɗan rimot ɗin da wasu injunan ke zuwa da shi.