Yadda za ka tantance labarin noma da aka turo maka a waya kafin ka yi aiki da shi

Da zarar hadari ya fara haɗowa a Gombe, sai wayoyi su cika da saƙonni. Wannan ya turo murya cewa damina za ta faɗi da wuri bana, wancan ya turo hoton gonar masara da aka ce tsutsa ta cinye a Kumo, wani kuma haɗin maganin da wai ba ya barin ƙwaro ko ɗaya. Mai turowar yawanci ɗan'uwa ne ko abokin hira a majalisa, kuma alheri yake nufi. Sai dai iri da taki da kuɗinka ka saya. Ba mu manta da 2014 ba, lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, har aka rasa rayuka.

Mataki na farko, dubi saƙon kansa. Idan WhatsApp ya ɗora masa kibiya biyu, ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ka. Tambayi wanda ya turo: "Yaya, wa ya faɗa, yaushe, a wane gari?" In amsar ita ce "ni ma turo min aka yi", to dakata tukuna.

Na biyu, in hoto ne, saka shi a Google Lens. Manhajar za ta kwatanta shi da hotunan da ke intanet ta nuna maka inda ya taɓa fitowa. Sau da yawa gonar da aka ce ta Kumo ce sai ka tarar ta wata ƙasa ce, shekaru da suka wuce.

Na uku, nemi maganar a shafin masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check. A nan ya kamata ka san yadda ƙirƙirarriyar basira (AI), wato kwamfutar da aka koya wa aiki da misalai, ke gano jita-jita, don kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Masu bincike kan tara dubban saƙonni, mutane su zauna su ware na gaskiya da na ƙarya, sannan a ba kwamfuta ta koyi alamomin: irin kalmomin da ake tsorata mutane da su, yadda saƙo ke bazuwa cikin sa'o'i, da kamanninsa da wata ƙaryar da aka riga aka bankaɗo. Abin da aka ba ta ta karanta, shi ta sani. Rubutun Hausa a intanet bai kai ko kusa da na Turanci ba, mu kuma da murya muka fi tura saƙo, a WhatsApp ɗin da na waje ba ya ganin abin da ke ciki. Shi ya sa nake ganin girman aikin masu bincike na HausaNLP da Masakhane, da ke tara rubutun harsunanmu don koyar da na'ura. Kafin aikinsu ya kai ga muryar da aka turo maka jiya, ka riƙe wannan: shirun manhaja bai wanke labari ba.

Na huɗu, maganar ruwa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ce ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwarta, da tsawonta, da inda ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya. Nemi na yankinka, domin Kaltungo da Nafada ba rana ɗaya suke shuka ba. Hasashe ne, don haka bayan ruwan farko ka tona ƙasa da hannunka ka ga zurfin lemar kafin ka fito da iri.

Na biyar, in maganar tsutsa ce ko cuta, tashi ka je gona da sassafe. Tsutsar nan mai cin masara a 2016 aka fara ganinta a Afirka, kuma Najeriya na cikin inda ta fara ɓulla. Ratsa gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba masara goma. Leƙa cikin zuciyar, inda sabon ganye ke fitowa, ka nemi hujoji da kashin tsutsa mai kama da dusa. Ɗauki hoton ganyen kusa-kusa cikin haske mai kyau ka saka a manhajar gano cutar shuka irin su Plantix ko PlantVillage Nuru. Su ma da hotuna aka koyar da su, saboda haka ka ɗauki uku ko huɗu daga shuke-shuke daban. Idan amsoshin suka saɓa, kada ka zaɓi wadda ta fi yi maka daɗi.

Na shida shi ne inda na fi jin tsoro. Matasa da yawa yanzu Meta AI ko ChatGPT suke tambaya awon magani. Suna iya bayani mai kyau, suna kuma iya kawo lambar da ba ta da tushe cikin lafazi mai gamsarwa. Tambaye su ma'anar abu, amma awon feshi daga takardar jikin kwalba za ka ɗauka, bayan ka ga lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Buhun iri kuma ka nemi alamar SEEDCODEX ta hukumar kula da iri ta ƙasa, ka kankare ka tura lambar da ke ciki don tabbatar da ingancin irin.

Daga nan ka ɗauki wayar, da ganyen da ka tsinko, da kwalbar in ka riga ka saya, ka kai wa malamin gona na ofishin shirin bunƙasa noma (ADP) na ƙaramar hukumarku. Faɗa masa ranar da ka yi shuka, da irin da ka shuka, da ko nawa ne cikin masara hamsin ɗin suka kamu.