Darasi na Bakwai: Kalmar "Fara"

Ku karanta wannan da ƙarfi, sau biyu:

Hajiya Rabi tana sayar da koko da ƙosai a unguwar Aboabo, cikin Kumasi. Da asuba take fara suya. Kafin motocin tashar Kejetia su fara lodi, ta sayar da rabin roba. Ita ta fara kafa tebur a wannan layi.

Sau uku "fara" ta fito, amma ba aiki ɗaya ta yi ba. A biyun farko tana nufin shiga aiki: fara suya, fara lodi. Nan kuna iya sa "soma" a madadinta, ma'ana ba ta canja ba. A ta uku kuwa, cewa ake Hajiya ta riga kowa.

Akwai kuma "fara" ta kashedi. Yaro ya miƙa hannu cikin tiren ƙosai, uwa ta ce, "Kada ka fara!" Ba lokacin somawa take gaya masa ba, hani ne. Duk wanda ya taso a zango ya san wannan murya.

Rubutu yana da tarko a nan. Fara ta soma aiki, fara mai cin amfanin gona, da fara ta farar riga, haruffansu ɗaya ne: f-a-r-a. A baki murya ke raba su. A takarda sai ka duba kalmomin da ke maƙwabtaka da ita.

Abin da za a tsayar ya daɗe, kamar gari, makaranta ko jam'iyya, an fi cewa an kafa shi. Kwame Nkrumah ya kafa jam'iyyar CPP a 1949, Gana ta sami 'yancin kai a 1957. Ku lura da wannan k ɗin: ba ta da lanƙwasa. In kun lanƙwasa ta, kun rubuta ƙafa, wadda ake taka ƙasa da ita. Na sha ganin wannan kuskure a littattafanku, har daga masu kyawun rubutu.

Tela da ya fito da ɗinkin da ba a taɓa gani ba, ƙirƙira ya yi. Halitta kuwa sai Allah.

Aikin gida. Ku cike gurbi da fara, kafa ko ƙirƙiro:

1. Malam ya ______ makarantar allo a Asawase.
2. Damina ta ______ da wuri bana.
3. Wa ya ______ wannan sabon ɗinki?

Sannan kowa ya rubuta jimla biyu kan ranar da ya fara sana'arsa, da sidi nawa ya fara, a kawo ranar Asabar.